Tukunyar da Aka Ware wa Tanko

Da sandar kakata na buga ƙwallon kurket, na kuma tsaga ta. Gara in fara da wannan tun kafin ƙanwata Ilham ta riga ni, don ita in ta ba da labarin sai ka ɗauka gida na ƙona. Shekarata goma sha bakwai, na kuma san ba a irin waɗannan shekarun ake rubuta tarihin rayuwa ba. Baba ma ya ce wanda bai taɓa biyan kuɗin wuta ba ba shi da tarihi tukuna. Amma akwai abin da ya faru a bazarar da Kaka ta zo mana unguwarmu Sparkbrook, a nan Turai, da nake so ya zauna daidai, saboda Ilham, da kuma 'ya'yan da zan haifa in an samu mai haƙurin aurena.

Kaka ita ta haifi Baba. Ta zo daga Kano don a duba mata gwiwa, da akwati biyu, ɗaya na sutura, ɗaya na daddawa da kuka da yaji, wanda har yau nake mamakin yadda ya wuce filin jirgi karnuka ba su suma ba. Tun ranar da ta sauka muke wasa. Maigida take kirana, ta ce ba ta yi sa'ar miji ba: ga tsawo ba nama, ga Hausa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, ko cefane bai iya ba. Ni kuma in ce zan sake ta in auro 'yar Somaliya a Stratford Road. Mama ta gaya mini haka ake yi tsakanin kaka da jika, abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uwarsa ba jika sai ya faɗa a yi dariya. Ni kuwa na ɗauka an ba ni lasisin da ba ya ƙarewa.

Sandar tana jingine a bayan ƙofar kicin, doguwa, sumul, ta yi baƙi saboda hannu, kamar muciya amma ba kai. Wata Asabar abokaina suna jirana a lungun bayan gida, abin bugunmu ya faɗa gidan maƙwabci mai kare, sai na ce Allah ne ya kawo. Ban yi nisa ba ta ce ƙas, ta tsage daga tsakiya. Da na kai wa Kaka, sai ta karɓa ta bi tsagar da babban yatsa, ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗaga ta ta kwaɗa mini da na fi jin daɗi.

"Wannan ta girmi ubanka," ta ce. "Ni ma ta girme ni. Daga Italiya ta zo."

Daga nan ta sa na share teburin kicin, ta zuba fulawa, ta yi rami a tsakiya ta fasa ƙwai, ta ce in ɗauko kwalbar mai tunda na kashe mata abin murji. Tana cuɗawa tana ba ni labarin mahaifinta.

Sunansa Tanko, mutumin wani ƙauye kusa da Wudil. Yana saurayi ya shiga Kano ya zama yaron kuku a gidan wani Bature, har ya zama kukun da kansa. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, aka mai da Baturen hafsan soja, shi kuma ya ce ba zai ci abincin kowa ba sai na Tanko. Yawancin sa'anninsa da suka shiga soja Bama aka kai su, shi kuwa ya bi ubangidansa ta Masar, suka hau jirgin ruwa, ya yi ta amai har suka sauka Italiya. Kaka ba ta san sunan ƙauyen da suka zauna ba. Abin da ta sani, a kan dutse yake, gidajensu na dutse ne, akwai ƙararrawar coci, akwai itatuwa masu ƙananan 'ya'ya masu ɗaci da ake matse mai a ciki. Hafsoshi suka karɓe babban gidan ƙauyen, aka ce Tanko ya yi girki a kicin ɗinsa. To kicin ɗin yana da mai shi, wata mata Asunta, mai aikin gidan, wadda mijinta ya tafi yaƙi aka aiko ya mutu. Baƙaƙen kaya take sawa har kallabi.

Murhu ɗaya, mutum biyu, ba wanda yake jin harshen wani. Ita ba ta taɓa ganin baƙin mutum ba, da farko har wuƙaƙe take ɓoyewa. Shi kuma yana ganin ba ta iya girki ba, tunda giya take zubawa a miya. Da ta gaji da tsoronsa ta miƙo masa abinci daga tukunyarta, ya girgiza kai, don ya ga kitsen alade ya shiga. Ta ɗauka raini ne, ta yi kwanaki ba ta duban inda yake. Sai wata safiya ta gan shi a bayan tarin itace yana alwala da ruwan da ya soma daskarewa, ya shimfiɗa buhu yana salla, yatsunsa sun yi fari. Kashegari ya tarar da ruwan ɗumi a ƙaramin tulu a bakin ƙofa. Bayan nan ta ɗauko wata tukunyar ƙasa ta goge ta da toka da yashi har hannunta ya yi ja, ta ɗaura jan zare a kunnenta, ta nuna tukunyar, ta nuna shi. Tun daga ranar ba alade ba giya a cikinta. Shi kuma abin da Turawa suka rage na fulawa da sukari da madarar gwangwani sai ya ajiye mata, ya faskara mata itace, ya ɗebo ruwa daga rijiyar ƙasan dutse. Ita ta koya masa murza ƙullu har sai mutum ya ga tafin hannunsa ta ciki. Sandunan murjinta biyu, ta ba shi ɗaya.

Na ce, "Kaka, wai soyayya suka yi?"

"Na ce maka tukunya ta ware masa. Me kuma kake nema?"

Na matsa mata ta gaya mini yadda aka ƙare, ta ce sauran sai ranar da na iya murza ƙullu bai yage ba. Nawa kuwa a ranar ya yi kama da taswirar ƙasar da aka yi wa ruwan bama-bamai.

Ba a daɗe ba Gwaggo Bilki, ƙanwar Baba da take digiri na uku a Salford, gefen Manchester, ta haihu. Muka ɗunguma Manchester suna. Flat ɗinsu ɗan gidan haya ne ƙarami a can saman bene, in mutum ya yi atishawa a falo sai a ce masa yarhamukallahu daga banɗaki. Maza suka cika falo, mata suna kicin da ɗaki. Surukan Gwaggo sun zo daga Najeriya, cikinsu har da uban mijinta, Alhaji Sule, dattijo mai furfura da ba ya gaggawar magana. Kaka ta yi irin taliyar nan ta hannu da miyar naman rago. Alhaji ya ci, ya ƙara, sannan ya tambaya ina tsohuwar Wudil ta koyi wannan. Ba ni aka tambaya ba. Amma falo cike da mutane, an kuma yi shiru, ni kuwa shiru ƙaiƙayi yake sa mini.

Na ce kakan Baba ne ya koyo a Italiya wajen budurwarsa Asunta. Da na ga idanu sun juyo, sai na ƙara wuta. Na ce matar wani janar ce, Tanko ya sace ta a kan babur, jirage suna bin su, ya tsallake kogi da babur ɗin yana riƙe da tukunyar miya a hannu ɗaya ko ɗigo bai zube ba. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Mijin Gwaggo yana dukan cinya. Daɗi ya ɗebe ni, na ce ai ya baro 'ya'ya a can, yanzu haka muna da 'yan'uwa masu dogon hanci, duk ranar da kuka ga ɗan ƙwallon Italiya mai duhun fata ku gaishe shi, jininmu ne. Dariyar ta ragu, wasu suka dubi kwanukansu. Alhaji ya goge hannu a hankali.

"To," ya ce, "ashe gidan naku ya yi rassa."

Sai a lokacin na ga Kaka a bakin ƙofa da fulas ɗin kunu. Ta ajiye shi a gaban Alhaji, ta ce a sha da zafi, ta koma.

Da ma an shirya za ta yi mako guda a Salford ta kama wa Gwaggo wankan jego, sannan ta dawo mana. Ranar da za mu tafi ta ce wa Mama a aiko mata da akwatunanta. A mota, da muka yi rabin hanya, Baba ya soma magana. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ba faɗa a ciki. Ya ce yana yaro ya sha ganin kakansa, tsoho tukuf, sau ɗaya a shekara in sanyi ya shigo yana zama a tsakar gida yana cuɗa ƙullu da hannunsa, maza suna yi masa dariya wai ya shiga aikin mata, bai taɓa sanin dalili ba. Sunan Asunta ma a bakina ya fara ji. Na ce me ya sa bai tambayi Kaka ba. Ya ce shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, ta yaya za ta zauna ta ba shi labarin zuciyar ubanta? Gwaggo ma ba za ta ba ta ba. 'Yan'uwan Kaka duk sun rasu. Irin wannan magana jika ake ba, don tsakaninsu ba kunya.

"Kai ta zaɓa," ya ce. "Ta ba ka rabi, ka je ka sayar da shi a kan dariya. Kuma ƙarshen bazara za ta koma Kano."

Na kira ta a waya. Ta amsa da kyau, ta ce lafiya lau Nasiru, ya karatu, ya su Ilham. Nasiru. Tunda ta zo ƙasar nan ba ta taɓa kirana da sunana ba. Na aika saƙon ban haƙuri ta wayar Gwaggo har da hoton fuska mai hawaye. Na hau bas zuwa Manchester da kwalin cakulan, na ce mata sorry da Turanci, na maimaita da Hausa. Ta karɓa ta yi godiya, ta sa aka kawo mini shayi a kofin baƙi, wanda ake ajiyewa a saman kabad, ta tambaye ni ya hanya. Na zauna ina shan shayin kamar ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya zo duba tagogi. Da na ce zan sake ta in auro wata, don in gwada, sai ta ce Allah ya ba da ta gari.

Gwaggo ce ta ja ni kicin, jariri a kafaɗa. Ta ce ni duk a tunanina ran Kaka na ɓata, shi ya sa nake ta kawo mata cakulan. Ubanta na ɓata, mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa, kuma a gaban surukai, mutanen da za su koma gida da abin da suka ji. Wasan jika da kaka tsakaninku ne ku biyu, in ji ta, bai haɗa da wanda ya haife ta ba. Kunnen da ya ji ƙaryar shi ya kamata ya ji gyaran.

Alhaji Sule yana sauke a gidan wani ɗan'uwansu a cikin Manchester. Na same shi bayan azahar, da jaket a kan babbar riga, an kunna masa hita a tsakiyar bazara. Na tsugunna, gwiwoyina suka yi ƙara kamar ana karya rake. Da Hausata ta buhu da tsakuwa na gaya masa babu janar, babu babur, babu kogi, babu 'ya'ya, ni na ƙirƙira. Abin da na sani kawai, mata ce da ta ware wa baƙo tukunya don kada ya ci haram. Ya bar ni na gama tsaf bai taimake ni da kalma ko ɗaya ba.

"Babur kowa ya san ƙarya ne," ya ce. "Shi ya sa muka yi dariya. Amma maganar 'ya'ya, yaro, wani zai ɗauka ya kai Kano. Ni kaina na faɗa wa Hajiya, ita kuma ka san wayarta ba ta hutawa."

Ya ce ɓangarensa shi zai gyara. Ya tambaye ni ko da gaske ne maganar tukunyar, na ce da gaske ne. Sannan ya ce wani kawunsa ya je Bama ya dawo bai taɓa ba kowa labarin komai ba har ya mutu. Gwaggo ta gaya mini kashegari ya hau har flat ɗinsu da sandarsa, ya gaishe da Kaka, ya faɗa a gaban matan da suke wurin cewa yaro ya zo ya janye maganarsa, kuma Malam Tanko mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Kaka ta ce amin.

Asabar ɗin da ta biyo baya na sake hawa bas. Na tarar da fulawa a kan ɗan teburin Gwaggo, da ƙwai, da kwalba. Kaka ba ta ce mini in zauna ba, ta dai turo ƙullun gabana. Na murza ya yage, ta naɗe ta mayar mini. Na sake, ya sake yagewa. Jariri yana ta tsala kuka a ɗaki, tram, jirgin nan na cikin gari, yana wucewa a ƙasa.

"Daga tsakiya ake turawa, Maigida," ta ce. "Hannu kamar na mai faskare."

Ban ɗago ba, don kada ta ga fuskata. Ƙullun bai daina yagewa ba, amma ta ci gaba da labarin, idonta a kan hannuna.

Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi fure, Tanko ya sa a ransa zai zauna. Har ya tambayi ubangidansa ko ana iya sallamar mutum a nan, Baturen ya yi dariya amma bai ce a'a ba. Ya koyi kalmomin ruwa da wuta da gishiri da gobe. Asunta ta cire baƙin kallabi ta ɗaura mai fure. Ƙauye ya soma magana, har limamin cocinsu ya zo kicin ya zauna, ya dubi tukunya mai jan zare, ya dube su, ya sha ruwa ya tafi. Tanko ya gaya wa Kaka aure yake nufi, na gaskiya, sai dai bai san a gaban wa za a ɗaura ba, tunda ba malami ba waliyyi. Yana cikin wannan tunanin wata safiya yana faskare, sai ga wani mutum yana hawowa dutse, ƙafafunsa naɗe da tsumma, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta rigar. Tanko ya ɗauka mai neman taimako ne, ya ajiye gatari ya ɗebo masa ruwa. Asunta ta fito da kwanon wanki, ta ga mutumin, kwanon ya faɗi. Mijinta ne. Kama shi aka yi, ba kashe shi ba, ya tsere ya yi ta tafiya a ƙasa.

Ta ruga kicin tana kuka tana haɗa duk abin da ta ɓoye, mai da ƙwai da kitse, za ta cika masa ciki. Tanko ya riƙe mata hannu. Kaka ta ce wannan ne karo na farko da ya taɓa ta, kuma na ƙarshe. Yana yaro an yi yunwa a ƙauyensu, ya ga mutanen da suka tsira daga yunwar sannan cin abinci mai nauyi ya kashe su. Ba shi da kalmomin da zai bayyana mata, sai ya ɗauko tukunyarsa, ya dama kunu tsararo da garin masararsu, ya sa ɗan sukari da madarar gwangwani, ya tallabo kan mutumin ya riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Ya yi amai, Tanko ya goge, ya jira, ya sake ba shi. Haka ya yi kwana da kwanaki tsakanin girkin hafsoshi. Da mutumin ya soma zama da kansa, Tanko ya naɗe tabarmarsa daga kusa da murhu ya koma rumfar motoci. Yana shiga kicin ya yi aikin Turawa ya fita, bai ƙara cin abinci a ciki ba.

Na ce to da za su tafi fa, ta yi kuka? Ta bi motar da gudu?

Kaka ta ce na fara halin nawa. Asunta shanya take yi, ta ɗaga masa hannu da rigar mijinta a ɗaya hannun, shi ke nan. Na tambaya ko mahaifiyar Kaka ta sani. Ta ce tun kafin a ɗaura aure ya gaya mata, kuma duk shekara in ya zauna cuɗa ƙullu ita take hura masa wuta, ta ce a gaida mutanen dutse. Ita Kaka sai da mijinta ya rasu tana takaba ya ba ta labarin, sau ɗaya, bai ƙara ba. Ta ce in ba ubana da Gwaggo labarin, tunda ita ba za ta iya ba, amma in na ƙara ko ƙwayar gishiri ba ta yafe ba. Ga shi na ba su, na kuma rubuta, ban ƙara ba, duk da hannuna ya yi ta ƙaiƙayi a wajen shanyar nan.

Kaka ba ta dawo Sparkbrook ba, daga Manchester ta tashi zuwa Kano da bazara ta ƙare. Mijin Asunta ya rayu. Ranar da motocin soja suka bar ƙauyen yana zaune a bakin ƙofa yana cin burodi da hannunsa. Tanko ya bar musu tukunyar. Bayan yaƙi ya dawo gida, ya yi aure, ya ci gaba da aikin kuku a Kano har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu a Wudil. Bai ƙara jin labarin Asunta ba, bai kuma nema ba.